Wane Kare Ne Ya Ke Halatta Naman Barewa?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya hore wa ɗan Adam dabbobin gida, ya kuma halatta masa na dawa bisa sharuɗɗa sanannu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, a ƙasar Durun da sauran garuruwan da ke tsakanin Kabo da Gwarzo, a yammacin Jihar Kano, da zarar an kai dawa rumbu, an tattara kara, hunturu ya sauka, to lokacin farauta ya kama. Da sassafe a kan ji gangi, samari su fito da gora da barandami, kowa yana janye da karensa, wani biyu wani uku. Kafin wannan lokaci kuwa, zancen da ya fi yawa a dandalin 'yan farauta shi ne zancen karnuka: na wane ya fi gudu, na wane ya fi hanci, wace karya ce ta haihu a wane ƙauye. Mutum ya kan yi tafiyar yini don ya ga kwikwiyo, ya duba ƙafafunsa da ƙirjinsa, ya tambayi uwa da uba, gama an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk wannan ba laifi ba ne, sana'a ce mai masananta. Amma akwai tambaya guda wadda ba a cika yinta ba, alhali ta fi sauran nauyi: in wannan kare ya kashe dabba kafin maigidansa ya iso da wuƙa, naman nan halas ne ko mushe? Domin naman ba a daji ya ke tsayawa ba. Gida a ke kawo shi, mata su dafa, yara su ci, a miƙa wa maƙwabta, abin da ya ragu a ƙyafe a kai kasuwa. In mushe ne, mutum guda ne ya yi sakaci, amma bakuna da yawa ne suka ci.

Kafin a shiga hukunci ya kamata a gyara wani suna. Dabbar nan da a ke gani a hotunan Turai da Amurka, mai ƙaho reshe-reshe kamar itace, wadda Larabawa ke kira ayyil, babu ita a ƙasar Hausa. A nahiyar Afirka sai can arewa, wajen dazuzzukan Aljeriya da Tunisiya, a ke samun danginta. Ƙahonta faɗuwa ya ke yi kowace shekara ya sake tsirowa, masu fassara kuwa su kan ce da ita barewa don rashin wani suna. Barewar Hausa ita ce gazal ta Larabawa, ƙahon da ta tsirar shi za ta mutu da shi. Tare da ita akwai gada da batsiya da mazo da kwanta-rafi da gwanki. A Shari'a hukuncinsu duka ɗaya ne, naman dawa ne halattacce, amma wajen kamu sun bambanta, kuma a nan ne mafarauci ya ke da abin faɗa.

Barewa dabbar fili ce, daga nesa ta ke hango mutum, gudu ne makaminta. Ba mai cim mata sai kare mai farauta da ido: dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi, ƙugu siriri, jiki ba kitse. Irin wannan Larabawa ke kira saluƙi, malaman lugga suka ce an jingina shi ne ga wani gari na Yaman mai suna Saluƙ. Damiri, wanda ya rasu a shekara ta 808 Hijira, watau 1405, a littafinsa na rayuwar dabbobi ya kasa karnuka kashi biyu, na gida da saluƙi. Gudunsa ya kan haura kilomita 60 a sa'a. Ɗan'uwansa na kusa shi ne karen Buzaye na kwarin Azawak, arewa da Tawa a Jamhuriyar Nijar har cikin Mali, wanda tsayinsa a kafaɗa ya kan kai santimita 70 amma nauyinsa da ƙyar ya wuce kilo 25, ga shi da jure zafi da ƙishirwa. Gada kuwa ba ta dogon gudu, cikin duhuwa ta ke faɗawa ta laɓe, saboda haka kare mai hanci da haƙurin bin sawu ya fi mata, ko da gajere ne. Manyan karnukan Turai masu gashi, irin na 'yan sanda, ba su da wurin zama a wannan aiki. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki ya ke fitar da zafin jikinsa, kuma mai nauyi da gashi tun kafin hantsi ya gama galabaita a ranar bazara. Wannan iyakar abin da ya shafi iri ke nan, kuma tsofaffin maharba sun fi kowane littafi saninsa.

To, Shari'a ba ta tsaya a kan iri ba ko kaɗan. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 4, Allah Maɗaukakin Sarki ya amsa tambayar da aka yi wa Manzonsa game da abin da aka halatta, ya sanya abin da dabbobin farauta suka kamo a cikin halas, ya ɗaure shi da abubuwa uku: a koyar da dabbar, ta kama domin mai ita, a kuma ambaci sunan Allah. Ayar ba ta ambaci asali ba, ba ta ambaci launi ko tsada ba. Ayar da ke gabaninta, ta 3, ita ce ta lissafa haramtattu, a cikinsu har da abin da naman daji ya ci sai fa in an riske shi an yanka. Watau asalin abin da mai haƙori ya kashe haramun ne. Koyarwa ce ta fitar da karen farauta daga wannan hukunci, ta mayar da haƙorinsa a matsayin wuƙar maigidansa.

Sahabin da aka fi karɓo bayanin wannan babi daga gare shi shi ne Adiyyu ɗan Hatimu, Allah ya yarda da shi, ɗan Hatimun nan na ƙabilar Ɗayyi'u wanda Larabawa ke buga misali da kyautarsa. Mutanensa mafarauta ne da karnuka, don haka da ya musulunta sai ya yi ta tambaya, Buhari da Muslim suka ruwaito amsoshin da aka ba shi. Haka kuma Abu Sa'alaba Alhushani ya faɗa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa yana farauta da baka, da horarren kare, da kuma wanda ba horarre ba. Aka ba shi izinin cin abin da horarren ya kashe in ya ambaci sunan Allah, amma na ɗayan sai in ya riske shi da rai ya yanka. Mutum guda, daji guda, karnuka biyu, hukunci biyu. Imam Ƙurɗubi, mai tafsiri, wanda ya rasu a 671 Hijira, ya lura da cewa a nan akwai dalili a kan fifikon mai sani a kan jahili, tun da har a cikin karnuka an ba wanda aka koyar matsayin da ba a ba ɗan'uwansa ba.

Mene ne horo? Malaman Malikiyya sun taƙaita shi a kan alamu biyu: in an cuna shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya. Ba su ƙayyade sau nawa zai yi haka ba, sun bar wa masu sana'ar, duk wanda suka shaida cewa ya horu to ya horu. A nan ne 'yan farauta da yawa su ke ruɗuwa, don sun ɗauka kamu shi ne horo. Kare ya kan kama zomo tun ba wanda ya koya masa kome, halittarsa ce, kamar yadda kyanwa ke kama ɓera. Wanda da ya hango dabba sai ya fizge igiya, a yi ta kira ba ya waiwaye, ya kama ya ruga da ita gindin sabara yana gurnani in an matso, wannan kansa ya ke yi wa farauta, ko da kuwa ya fi iska gudu. Wanda kuma bai kai shi gudu ba amma yana jin murya, shi ne karen da ayar ta ke nufi. Saboda haka mai neman kwikwiyo, bayan ya gama duba ƙafa da ƙirji, sai ya duba wanda ke ɗago kai in an yi magana, ya kuma san cewa aikin watanni ne ke gabansa, na kira da sallama da hana shi taɓa abinci sai an ba shi izini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kare ya horu, sauran sharuɗɗan a kan mai shi su ke. Shaihu Halilu ya tattara su a Muhtasar, littafin da malaman ƙasar nan suka daɗe suna karantarwa a zaure, kuma sun fi fitowa fili in an bi su da misali. A ce wani mafarauci ya fita yamma da Durun, yana riƙe da karensa, sai gada ta tashi daga gindin kalgo. Wajibi ne ya kasance Musulmi mai hankali da wayo, ya yi niyyar halatta naman, ya ambaci sunan Allah a daidai lokacin da ya ke sakin karen. Lokacin bisimilla ke nan, ba sa'ad da ya isa kan gawa ba. In mantuwa ya yi, a Malikiyya ana ci. In da gangan ya bari, ba a ci. Hambaliyya sun tsananta, suka ce a farauta ko mantuwa ba ta zama uzuri. Sa'an nan dole ya zama shi ne ya tura karen. In karen ne ya zabura da kansa, daga baya maigidan ya bi shi da ihu yana ƙara zuga shi, wannan zugin bai zama turawa ba, abin da ya kashe ba ya ciwuwa. Imam Malik, wanda ya rasu a 179 Hijira, yana da magana biyu game da karen da ke sake a gefen mai shi. Da farko ya ce in an cuna shi daga nan ya tafi, ya isa, kuma wannan almajirinsa Ibnul Ƙasim ya riƙe. Daga baya ya koma ya ce sai dai daga hannu, shi ne abin da Halilu ya bi. Maganar farko tana da sauƙi ga masu farautar ƙafa, kuma manyan malamai sun zaɓe ta, amma mai son fita daga saɓani igiya ba ta da tsada.

In karen ya tafi sai ya tsaya a hanya ya shagala da wani mushe ko wata karya, sa'an nan ya ci gaba ya kama, turawar farko ta yanke. In an tura shi kan dabba guda ita kaɗai aka nufa, ya kamo wata, ba a cin wadda ba a nufa ba, sai in tun farko an yi niyyar duk abin da ya kama a garken. Ya halatta a tura shi cikin kogo ko duhuwa ko da ba a ga abin da ke ciki ba, muddin an yi niyya da bisimilla.

Sai sharaɗin da aka fi jahilta, watau rauni. Wajibi ne haƙori ko farce ya huda fata, ko da a kunne ne. In kare ya banke barewa ta faɗi ta karye wuya, ko ya danne ta har numfashinta ya ɗauke, ko ya kore ta har zuciyarta ta buga, ba tare da ya ji mata rauni ba, to mushe ce a mash'hurin mazhaba. Wannan ya yi daidai da abin da aka faɗa wa Adiyyu game da sandar jifa mai tsini, cewa abin da tsinin ya huda a ci, abin da faɗin sandar ya buge a bari. Masu jifan zomo da gora su lura da wannan: zomon da gora ta kashe ba ya halatta sai an riske shi da rai an yanka. Harsashin bindiga kuwa, malaman Fas na baya sun yi fatawa da halaccin abin da ya kashe, saboda yana hudawa yana zubar da jini, Dasuƙi kuma ya kawo wannan a hashiyarsa.

Bayan kamu, saura gaggawa. An yafe yanka ne saboda gazawa, don haka wanda ya iya yanka bai yi ba, ba shi da rangwame. In mafarauci ya tsaya shan ruwa ko gardama alhali da ya bi da sauri zai riski dabbar da rai, ta mutu, ba ta ciwuwa. In wuƙarsa tana ƙasan jaka, ko tana hannun yaron da ya san zai riga shi isa, dabbar ta mutu yana lalube, haka nan ne. Wuƙar mafarauci a ƙugu ta ke zama, wasassa. In ya isa ya tarar kare ya riga ya taɓa ɗaya daga makasa, watau ya tsinke lakar baya, ko ya fasa ƙwaƙwalwa, ko ya zubar da kayan ciki, ko ya yanke jijiyar wuya, ko ya huda hanji, to ta halatta da kamun, yankan mustahabbi ne don a hutar da ita. In bai taɓa makasa ba kuma tana da rai, yanka wajibi ne. Har ma Halilu ya ce wanda ya wuce ya ga dabbar wani a bakin kare, yana da wuƙa yana da iko, ya ƙyale ta ta mutu, zai biya mai ita, don ya ɓata masa dukiya. Dabbar da ta ɓace da rauni ta kwana a daji, aka tsince ta da safe matacciya, ba a cinta, gama ba a san abin da ya same ta da dare ba. Akuya ko saniya da ta gudu ta ƙi kamuwa kuwa, a Malikiyya ba ta halatta da kare ko kibiya, sai yanka, kamar yadda Ibnu Abi Zaidin ya kawo a Risala.

Duk abin da ya gabata mai sauƙi ne ga mutum guda da karensa. Wahalar tana cikin farautar gayya, wadda ita ce aka fi yi a ƙasar Kano, gari da gari su haɗu, karnuka hamsin ko fiye su bazu a daji. Adiyyu ya tambayi wannan da kansa, ya ce ya kan tura karensa sai ya tarar da wani kare tare da shi a kan dabbar, bai san wanda ya kashe ba. Aka hana shi ci, aka ba shi dalili cewa a kan nasa ya yi bisimilla, bai yi a kan ɗayan ba. Malamai suka fitar da ƙa'ida daga nan. In dukan karnukan da suka taru horarru ne, kowanne mai shi Musulmi ne ya tura shi da bisimilla, naman halas ne, masu karnukan kuma sun yi tarayya a cikinsa. In kuwa akwai guda a ciki wanda ba horarre ba, ko wanda ya biyo ayari da kansa ba wanda ya tura shi, aka kasa sanin wanda ya yi kisan, to an bar naman. Wanda ya taɓa ganin yadda karnuka ke yi wa gada rubdugu ya san da wuya a iya shaida haka. Mafita ɗaya ce, a riske ta da rai a yanka. Sarkin Dawa da manyan ayari suna da hakki a wuyansu a nan: su hana fita da karnukan da ba su horu ba, su kuma tunatar da jama'a bisimilla kafin a saki igiya, kamar yadda su ke tunatar da su iyakar dajin da za a kewaye.

Akwai kuma al'adar ƙwace, inda mai ƙarfi ke fizge abin da karen wani ya kama, a zare wuƙaƙe, 'yan tauri su shiga, a wayi gari gaba ta ƙullu tsakanin ƙauyuka biyu a kan zomo guda. Shari'a ta ce naman dawa na wanda ya riga kai hannu ne, kamun kare kuwa kamun mai shi ne. In mutane sun isa tare, kowa yana da ikon kamawa, suka yi jayayya, a raba musu. Abin da aka karɓe da ƙarfi haramun ne ga wanda ya karɓa ko da an yanka shi da bisimilla goma, kuma kirari ba ya halatta shi. Sau da yawa ma ana cikin kokawar ne dabbar ke mutuwa ba yanka, a tashi ba mai halas a cikinsu.

In kare ya ci daga abin da ya kama fa? A riwayar Adiyyu an hana ci, don tsoron kada ya zama kansa ya kama wa, kuma a kan haka Hanafiyya da Hambaliyya su ke, da mafi ƙarfin magana a Shafi'iyya. Imam Malik ya halatta, ya kafa hujja da abin da ya kawo a Muwaɗɗa daga Abdullahi ɗan Umar da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, akwai kuma wata riwaya ta Abu Sa'alaba wajen Abu Dawuda da ke ƙarfafa haka. Waɗansu malamai suka haɗa riwayoyin biyu da cewa hanin na tsantseni ne. Mutumin Durun da ke bin Malikiyya ba shi da laifi in ya ci, sai dai karen da ya mayar da wannan ɗabi'a ya nuna horonsa da saura. Wurin cizon kuma ba sai an wanke sau bakwai ba, domin a wurin Malik kare mai rai tsarkakke ne har da yawunsa, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sha a ciki bauta ce kawai. Shafi'iyya ne ke ganin najasa ce mai kauri.

Sauran tambayoyin da a kan yi gajeru ne. Baƙin kare ƙirin, Imam Ahmad ya hana farauta da shi, sauran limaman uku suka halatta. Karen da wanda ba Musulmi ba ya horar, in Musulmi ne ya tura shi da bisimilla ana ci, Malik ya kwatanta shi da aron wuƙa. In kuwa wanda ba Musulmi ba ne ya tura karen Musulmi ya kashe, ba a ci. Laya da guru da a ke rataya wa kare a wuya don kamu ba su da gurbi a cikin sharuɗɗan nan, kuma rataya sunan Allah a jikin dabbar da ke birgima a juji wulaƙanta shi ne. Ciniki ne ke da 'yar doguwar magana. Hadisin Abu Mas'ud Al'ansari ya hana kuɗin kare, kuma mash'hurin Malikiyya shi ne ba a sayar da shi ko na farauta ne, ko da ya ke wanda ya kashe wa wani irin wannan kare zai biya ƙimarsa. Sahnunu, alƙalin Ƙairawan mai Mudawwana, wanda ya rasu a 240 Hijira, ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙewa, har an ruwaito ya ce zai iya yin aikin hajji da kuɗinsa, Abu Hanifa ma ya halatta. Kyautar kwikwiyo tsakanin mafarauta ta fi kuɓuta daga saɓani. Wanda bai samu ba sai da kuɗi, yana da malaman da zai jingina da su.

Wanda ya ɗauko kare ya ɗauko amana. Izinin da hadisai suka bayar na farauta ne da kiwo da gona, wanda ya riƙe shi ba don ɗayansu ba ana rage masa lada kowace rana, ƙiraɗi guda a riwayar Abu Huraira, biyu a ta Ibnu Umar. Malamai sun ƙiyasta gadin gida a kansu in akwai bukata. An ce shi kansa mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi, kare ya ajiye. Amma izinin riƙewa ba izinin azabtarwa ba ne. Barin kare da yunwa kwana da kwanaki wai don ya yi zafin nama, da yanke masa kunne ba wata lalura, da watsar da shi in damina ta faɗi ya koma bin juji, duk zalunci ne, alhali ya tabbata a Buhari da Muslim cewa an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Cikin hakkinsa da hakkin maƙwabta akwai allurar rigakafin hauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamunsa sun bayyana da wuya a tashi. Karen farauta yana cikin haɗari, don yana cuɗanya da dila da sauran namun dawa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar karnuka, ana kuma samunta wajen likitocin dabbobi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin abin da karen zai zama.

Saura magana a kan ita barewar. Dattawan yammacin Kano suna ba da labarin lokacin da a kan gan ta a bayan gari, amma gonaki sun cinye saura, gatari da wuta sun cinye duhuwa, yau abin da farautar yini ke kawowa bai cika wuce zomo da gafiya da kurege ba. Abin da ya ragu na manyan namun yana wuraren da hukuma ta killace, irin su dajin Falgore a kudancin Kano da Yankari a Bauci, wanda aka keɓe tun 1956. Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, da dokar tarayya mai lamba 11 ta 1985, sun hana kashe waɗansu dabbobi, sun kuma sa sharaɗin lasin a kan waɗansu. Hani irin wannan na maslahar jama'a ne, kuma biyayya ga shugabanni a cikinsa wajibi ce, horon kare ba ya ɗage ta. Ƙarancin nama ne ya ke kai mafarautan Kano dazuzzukan kudu, kuma ba a manta da mutum 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025 ba, suna kan hanyar komowa gida Ƙaramar Salla, da yawansu mutanen Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure. Allah ya jiƙansu da rahama. Ibnu Juzayyi a littafinsa na Ƙawanin ya kasa farauta kashi biyar: halas ga mai neman abinci, mustahabbi ga mai yalwata wa iyali, wajibi ga wanda yunwa za ta halaka, makaruhi ga mai wasa, haramun ga mai kisa ba niyyar ci. Cinna wa daji wuta don a fitar da zomo, har ta ci karan mutane da ciyawar makiyaya, da sakin karnuka kan dabba mai ciki ko mai goyo, da barin salla ta wuce ana bin sawu, kowannensu yana fitar da farauta daga kashin farko.

Mai saye a kasuwa, ko matar da aka kawo wa nama gida, ba a ɗora musu binciken abin da ya faru a daji ba. Abin da ke hannun Musulmi a kan ɗauke shi a kan halas har sai an san akasinsa, kuma A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ruwaito cewa da aka tambayi Annabi game da naman da ba a san ko an yi masa bisimilla ba, ya umurci masu tambayar su yi tasu su ci. Nauyin yana kan wanda ya ga yadda dabbar ta mutu. In ya san ba ta cika sharaɗi ba, bai halatta ya ci ba, ko ya sayar, ko ya yi kyauta da ita ga mutum, amma ya halatta ya bar wa karnukansa su ci. Fatar kuwa, in an jeme ta, Malikiyya sun yi rangwamen amfani da ita a busassun abubuwa da ruwa, ban da salla a kanta da sayar da ita. Allah shi ne mafi sani.